Yadda Na Sa Aka Karɓe Molon Tsoho

Ni ne na yi kuskure, kuma ba ƙarami ba. Na faɗi haka tun a layin farko don kada mai karatu ya wahala wajen neman wanda zai ɗora wa laifi. Akwai Bature a cikin labarin, akwai dogari, akwai yaƙi, amma duk cikinsu babu wanda ya buɗe baki ya faɗi abin da bai sani ba sai ni. Saboda maganata aka hana Zabarmawan garinmu kiɗa har shekara uku, aka karɓe molon wani tsoho wanda bai taɓa yi mini komai ba sai alheri.

A wancan lokaci Birnin Gwari tana tsohon mazauninta, ba a dawo bakin titi ba. Daji ya kewaye mu ta kowace fuska, kuma a cikin dajin ne aka sami zinariya. Labarinta ya jawo mana baƙi iri-iri. Yawancinsu sukan yi rani ɗaya a bakin rafi suna wanke ƙasa da ƙwarya, sai su kama gabansu. Zabarmawa ne suka zauna. Sun taso tun daga ƙasar da Faransa ke mulka, wajen Doso da Gaya. Suka nemi fili a yammacin gari aka ba su, suka gina ɗakuna, suka aika aka kawo musu matansu. Kafin in gama elementare unguwar ta yi masallacinta, da mai unguwarta, da 'yar kasuwarta ta yamma inda ake sayar da dambu da zogale irin nasu.

Ni karatuna bai wuce aji huɗu ba. Hannuna yana da kyau a boko, na iya ajami tun a makarantar allo, Turancina kuwa ya ishe ni in karanta bayan ambulan kawai. Da wannan aka ɗauke ni aiki a ƙarƙashin magatakarda, ina kwafe wasiƙu. Idan an tashi nakan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu in rubuta wa mutane wasiƙa. Ta nan na saba da Zabarmawa, domin babu wanda ya kai su aika saƙo gida. Su faɗa mini da Hausarsu, in rubuta, a can wani ya karanta ya juya musu. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, amma dattawa masu furfura suna ce mini Alfa, wato malam a bakinsu. Sunan nan ya yi mini daɗi fiye da kima. Har na tsinci 'yan kalmomin gaisuwa guda biyar ko shida, ina jefa su a ofis don a ji. A hankali aka fara cewa na iya Zabarmanci, ni kuma ban taɓa musawa ba.

Tsohon da nake magana makaɗin molo ne. Ya zo tare da na farkonsu, amma ƙarfinsa bai kai na shiga ramin zinariya ba, sai ya zauna yana tufkar igiya. Ranar Lahadi ba a aikin zinariya, saboda haka bayan la'asar unguwar kan taru a gindin wata ɗorawa. Masu aiki a ramukan wajen Damari da Gayam sukan tako da ƙafa tun da hantsi don kada su rasa. Mata su zauna gefe guda suna tsinkar zogale, maza su jera tabarmi, tsoho ya jingina da itacen ya ɗora molo a cinya. Molon ba babba ba ne, tsirkiya uku ce da shi, wuyansa ya yi baƙi saboda gumin hannu. A nan ake jin wa ya zo daga gida, wa ya rasu, wa aka haifa, a nan ake karanta wasiƙar da ta iso. Amma abin da ya tara su shi ne waƙa. Yana waƙar asalinsu, wane ya haifi wane, daga wane gari aka tashi aka koma wane gari. Ni ba na jin komai a ciki, amma na ga manyan maza suna sunkuyar da kai, na ga wata tsohuwa ta ajiye faifanta tana amsawa ido a rufe.

Wata rana mai unguwarsu ya same ni da wata buƙata. Ya ce 'ya'yan da suka haifa a nan sun zama 'yan Birnin Gwari, a yi musu magana da Zabarmanci su amsa da Hausa. Tsoho kuma ba shi da magaji a kiɗa. Suna so a rubuta waƙoƙinsa a littafi a ajiye, ko da wata rana wani zai nema. Na ce wannan ai ƙaramin abu ne.

Na sayi littafi mai baƙin bango, na riƙa zuwa gidan tsoho ranar Asabar da hantsi. Yana bugawa a hankali, yana faɗin baiti, ina rubuta abin da kunnena ya ji da haruffan boko. Sau da yawa yakan tsaya don ya bayyana mini ma'ana, sai in ɗaga hannu in ce ya ci gaba, na gane. Rannan ya ɗora tafinsa a kan tsirkiya ya dube ni.

“Alfa, duk ka ji abin da nake faɗa?”

“Ina ji, Baba.”

“To, ka fi ni kai. Ni shekara goma a garinku, har yau mace da namiji suna rikice mini. Jiya na ce wa matata ya kawo tuwo, ya ce in je in nemi wanda nake kira.”

Matarsa daga bakin murhu ta ce ko yanzu ma ya sake. Muka yi dariya, na kuma gyara masa Hausar tasa da murya irin ta malamai. Ban ga cewa hanya ya buɗe mini in ce ni ma ban iya ba.

Waƙa huɗu muka rubuta. Ta huɗun ce ta fi sauri, kuma ita ce in ya ɗauko a gindin ɗorawa maza sukan ɗaga hannuwa sama. Amshinta gajere ne, na rubuta shi kamar yadda na ji: hari ga ka. Bayan kowane amshi sai sunan gari. Hari ga ka, Doso. Hari ga ka, Gaya. Ya jera garuruwansu da yawa, sa'an nan a ƙarshe ya kawo namu: Damari, Gayam, Saminaka, Birnin Gwari. Ni Bahaushe ne, na san hari tun ina goye. Kakata ta ba mu labarin yadda ake kawo hari a kwashe mutane daga gona. Kuma mun sha jin cewa kakannin Zabarmawa mayaƙa ne. Sai na yanke a raina cewa waƙar yaƙi ce ta mutanen da, tsoho ya cusa sunayen garuruwanmu don ta yi armashi. Tambaya ɗaya da ta raba ni da wannan zato. Ban yi ta ba, domin Alfa ba ya tambaya.

Ana cikin haka babban yaƙin Turawa na biyu ya yi zafi. Muka ji cewa Turawan da ke mulkin ƙasar Zabarmawa ba sa ga maciji da namu. Aka rufe iyaka, wasiƙu suka daina tafiya, aka fara duban duk wanda ya fito daga can da wani ido. Sai ga wani Bature ya zo rangadi ya sauka a bariki. Ranar Lahadi da yamma iska ta kai masa sautin taron. Da gari ya waye ya tambayi magatakarda su wane ne ke taruwa, kuma me suke faɗa. Magatakarda, dattijo mai tsoron Allah, ya ce shi bai sani ba, amma a cikin yaransa akwai wanda ya iya harshensu.

Aka kira ni. Ban taɓa tsayawa gaban Bature a kan wata magana tawa ba sai ran nan. Na ce ba jin harshen kawai nake yi ba, har waƙoƙin na rubuta. Na ruga gida na ɗauko littafin, babu wanda ya aike ni. Baturen ya iya Hausa, yana karanta boko. Ya yi ta buɗe shafi yana wucewa, domin babu abin da zai gane, har ya kai waƙa ta huɗu. Na ga yatsansa ya tsaya. Ya bi layin a hankali har ƙasa, inda sunan garinmu yake.

“Malam, wannan hari, shi ne harin da na sani?”

Ina tuna yadda ɗakin yake. Magatakarda yana tsaye a hagu, masinja yana bakin ƙofa, kowa yana jira na. Abin da ya kamata in faɗa kalma uku ce: ban sani ba.

Na ce, “Shi ne, ranka ya daɗe. Waƙar yaƙi ce. Cewa suke yi hari gare ka, gari kaza.”

Da na ga ya saurara sosai sai na ƙara gishiri. Na ce in an zo wurin nan maza kan ɗaga hannu sama kamar masu riƙe da mashi. Na ce wasu daga nesa suke takowa don wannan waƙa. Na so in ƙara cewa wasa ne kawai na tuna da, amma ya riga ya ɗauki alƙalami, ni kuma ina jin daɗin ganin Bature yana rubuta maganata. Ya kwafe shafin, ya miƙo mini littafina, ya ce na yi aiki mai kyau.

Kafin mako ya zagayo umarni ya fito. Babu kiɗa, babu waƙa a taro a unguwar Zabarmawa har sai yadda hali ya yi, kuma a karɓo abin kiɗan. Ba a faɗa musu dalili ba, an ce dai lokacin yaƙi ne. Dogarin da aka aika maƙwabcinmu ne, shi ya ba ni labari, bai san da hannuna a ciki ba. Ya ce ya fi rabin sa'a yana gaisuwa ya kasa faɗin abin da ya kawo shi. Da ya faɗa, tsoho bai yi musu ba. Ya sassauta tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe molon a tsohon zane, ya miƙa da hannu biyu. Aka kai shi sito aka ajiye tare da tarkacen da ake ƙwacewa.

Na ji babu daɗi, amma na lallashi kaina cewa ai gaskiya na faɗa, hukuma ce ta zafafa. Bayan kwana kaɗan sai ga mai unguwa da dattawa uku a ƙofar gidanmu. Suna so a rubuta takardar roƙo a kai ofis, kuma wa za su nema in ba Alfa ba? Na zauna na rubuta musu da hannuna mafi kyau. Na ce su baƙi ne masu biyayya, ba su taɓa faɗa da kowa ba, kiɗan nan shi ne abin da ke ɗebe musu kewar gida. Duk gaskiya ne. Na kai takardar da kaina, na sa ta a cikin fayil ɗin da ke ɗauke da maganata. Ba a ba da amsa ba.

Wajen wata biyar bayan haka aka kawo wani Bazabarme daga ramin wajen Gayam, zazzaɓi ya kayar da shi. Ya aiko in zo in rubuta wa ƙanensa da ke Zariya. Na je da azahar na same shi kwance a rumfa. Muna tsakiyar wasiƙa sai ya juya kai wajen ɗaki ya ce, “Hari. Hari.” Na waiga ƙofa in ga ko mahara ne. Sai ga matarsa ta fito da ƙoƙo, ta tallafi kansa ta ba shi ya sha.

Na ce mata, me ya ce? Wannan ce tambaya ta farko da na taɓa yi a unguwar nan.

“Ruwa yake so mana, Alfa. Yau kunnen naka ya toshe ne?”

Na ce in an ce hari ga ka fa? Ta ce ruwa zai zo ke nan, ai ita ce waƙar tsoho ta roƙon damina, wadda ake ɗaga hannu ana amin. Ta ce a gida garuruwansu kawai ake ambata, amma tsoho ya ce tunda gero da dawar nan suke ci, dole a roƙa wa ƙasar nan ita ma. Ta faɗi haka tana gyara wa mijinta matashi, ko dubana ba ta yi ba.

Na ƙarasa wasiƙar, ban san abin da na rubuta a ƙarshenta ba. Na koma gida na buɗe littafi na karanta waƙar daga sama har ƙasa da sabon kunne. Ruwa zai zo Damari. Ruwa zai zo Gayam. Ruwa zai zo Birnin Gwari. Mutumin yana roƙa wa gonar ubana ruwa, ni kuma na kai shi gaban Bature na ce mahari ne.

Har zuwa wannan rana ana iya cewa jahilci ne da son a sani. Abin da ya biyo baya ba shi da wannan uzuri, kuma shi ne ainihin laifina. Na sani, na yi shiru, fiye da shekara biyu. Ofis yana nan, magatakarda yana nan, kullum ina zaune kamu biyar daga teburinsa. Na lissafa abin da zan rasa: aikina, da sunan da ake kirana da shi, da yadda ake matsa mini wuri a kan tabarma. Na ce bari yaƙi ya ƙare, abin zai warware da kansa. Da shekara ta zagayo dattawan suka dawo a sake rubuta roƙo. Na sake rubutawa. Layi ɗaya ya isa, in ce hari a harshensu ruwa ne. Na riƙe alƙalami a kan wurin har tawada ta ɗiga, sa'an nan na rubuta gaisuwar rufewa. Na san duk wanda ya karanta layin nan zai tuna wanda ya ce ya iya Zabarmanci.

Taron Lahadi bai mutu gaba ɗaya ba, amma ya rame. Masu takowa daga Damari suka daina, don babu wanda zai yi wannan tafiya saboda hira kawai. Samarin unguwar suka koma bin kalangun mahauta a cikin gari. Wasu sun ce a sassaƙa wa tsoho wani molon ya riƙa bugawa a cikin ɗaki, wa zai ji? Shi ya ƙi. Ya ce baƙo ba ya karya dokar masu gari a ɓoye, in aka kama ba shi kaɗai za a kora ba, har da mata da yara, ga iyaka a rufe. Ya ci gaba da tufkar igiyarsa. In na wuce yakan kira ni ya tambayi lafiyar mahaifiyata, wani lokaci matarsa ta cika mini akushi da dambu. Ina karɓa, ina ci.

A cikin shekara ta uku ya aiko a ce in zo da littafin. Na same shi a zaure, ya tsufa ƙwarai. Ya ce in karanta masa abin da muka rubuta. Na karanta da karyayyen harshena, yana gyara mini, leɓunansa suna bi. Na ga yatsun hannunsa na dama suna motsi a kan gwiwa. Da na gama ta huɗu ya ce in ci gaba, in karanta ta ƙetare kogi, wadda ke faɗin yadda kakanninsu suka haye da dabbobinsu da sunan kowane gida da ya haye. Na ce ba mu kai ga rubuta ta ba.

Sai ya ce bari ya faɗa in rubuta yanzu. Ya fara, ya yi baiti bakwai ko takwas ya tsaya. Ya koma farko, ya zo daidai wurin ya sake tsayawa. Ya gwada sau uku. Ya bayyana mini cewa shi bai taɓa haddace waƙa da ka ba, a yatsa take. In yatsa ya taɓa tsirkiya sai kalma ta fito, ta jawo ta bayanta. Da babu molo, ya yi ta bin su a zuci yana tufka, amma dogayen sun fara zubewa.

“Wannan ta tafi, Alfa,” ya ce. “Gara da ka kama mana huɗu. Ba don kai ba da duk sun bi ta.”

Ya kama hannuna ya yi mini addu'a mai tsawo, Allah ya ƙara mini ilimi, ya sa in gama da duniya lafiya. Na sha zagi a rayuwata, babu wanda ya taɓa yi mini ciwo kamar addu'ar nan. Daga zauren ban biya gida ba, na wuce gidan magatakarda.

Na faɗa masa komai a tsaye. Ya saurara har na gama, ya ce ashe ban iya Zabarmanci ba. Na ce gaisuwa kawai na iya. Ya tambaye ni yaushe na gane kuskuren, na faɗa masa. Nan ne ransa ya ɓaci. Ya ce Baturen nan an daɗe da sauya masa wuri, Turawan can da na nan sun daɗe da shiryawa, babu wanda ke tuna umarnin nan sai waɗanda aka ɗora wa. Da na yi magana tun ranar da na sani, da takarda ɗaya ta isa. Ya ce shi ma yana da nasa kason, tunda shi ya nuna ni ba tare da ya gwada ni ba. Ya ce zai kai maganar inda ta dace, kuma ba zan ƙara taɓa wasiƙar ofis ba, za a tura ni Saminaka in riƙa bin malamin daji. Amma saboda mahaifina ba zai tona ni a gari ba. Za a ce wa Zabarmawa yaƙi ya lafa, an ɗage doka, shi ke nan.

Na karɓi wannan sutura da godiya. Ina faɗa don kada a ɗauka na zama jarumi a rana ɗaya. Na ce a raina ai na gyara, abin da ya rage tsakanina da Allah ne.

Aka ɗage dokar. Aka fito da molo daga sito, fatar ta tsage, ɓeraye sun cinye tsirkiya, amma itacen yana nan. Wani baduku a unguwar ya sa masa sabuwar fata. Labari ya kai ramuka, ranar Lahadi mutane suka cika gindin ɗorawa har bayan masallaci. Ni ma na je, na nemi wuri a baya, amma aka jawo ni gaba aka zaunar da ni kusa da dattawa. Tsoho ya ɗaura tsirkiya, ya daɗe yana gyara sauti. Yatsunsa sun yi nauyi, ya yi kuskure sau biyu a farko, wata mata ta ce masa ango ya manta hanyar ɗaki, aka yi dariya. Sa'an nan hannun ya kama. Ya yi waƙa biyu lafiya. Wani daga baya ya roƙi ta ƙetare kogi. Tsoho ya buga, molo ya dawo masa da wasu baitoci da ya kasa a zaure, har na fara sa rai. Amma da ya kai tsakiya, inda sunayen gidaje suke, kiɗan ya ci gaba bakin ya tsaya. Ya zagaya ya dawo, bai samu ba. Babu wani a wurin da ya san ta da zai ɗora masa. Ya sauke hannu ya ce a yi haƙuri.

Don ya kawar da shirun, mai unguwa ya miƙe. Ya ce kafin a ci gaba akwai wanda ya wajaba a gode wa. Ya ce sau biyu Alfa yana rubuta musu roƙo bai gaji ba, alƙalaminsa ne ya dawo musu da molo, kuma shi ne ya tsare musu waƙa huɗu a littafi. Ya ce a yi mini addu'a. Na ga hannuwa sun fara ɗagawa, har da na tsoho.

Ban shirya komai ba. Abin da na sani shi ne ba zan iya karɓar addu'ar nan karo na biyu ba. Na miƙe na ce a dakata. Na faɗa musu da Hausa, a hankali don kowa ya ji, mai unguwa yana juya wa tsofaffin mata, tun yana juyawa da ƙarfi har muryarsa ta yi ƙasa. Na faɗi yadda na kai littafin bariki ba a aike ni ba, da abin da aka tambaye ni, da abin da na amsa, da gishirin da na ƙara. Na faɗi ranar da na gane, da shekarun da na yi ina cin dambunsu bakina a rufe. Daga wannan rana babu wanda ya ƙara ce mini Alfa a unguwar, kuma daidai ne. Da na gama na tuɓe takalmina, na je gaban tsoho na durƙusa, na ajiye littafin a kan tabarmarsa.

Na ce, “Baba, ni na sa aka karɓe molonka. Ban iya harshenku ba, na ce na iya. Kana roƙa mana ruwa, na ce yaƙi kake kira. Da na gane kuma na yi shiru don ina tsoron kunya, har waƙarka ta ɓace. Ba ni da abin da zan mayar maka da ita. Ban zo da uzuri ba, kuma ko ba ka yafe ba ba ka zalunce ni ba. Na cuce ka, na cuci mutanenka. Don Allah ka yafe mini.”